Hunturun Winnipeg a Idon Ɗan Sunke

Duk wanda ya tashi a yammacin Zamfara ya san ɗarin hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu hazo kan rufe gari, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, tsofaffi su kwana da kaskon wuta a ɗaka, yara su kewaye wutar kara kafin hantsi. Mun kuma san ƙanƙarar da kan zubo jefi-jefi tare da hadari, ta yi ta dukan kwanon rufi, ta yayyaga ganyen dawa, yara su fita da gudu suna tsinta, kafin a kai ta baki ta zama ruwa a tafin hannu. A Sunke, ƙauyenmu da ke ƙasar Anka, iyakar saninmu da daskararren ruwa ke nan, in ka ɗebe ƙanƙarar firji da ake kawowa daga gari da azumi, a naɗe cikin buhu.

Dusar ƙanƙara kuwa jin ta muke yi, ba gani ba. Wanda ya koyi addu'ar sallar gawa a zaure ya san ana ambatonta cikin abubuwan da ake roƙon Allah ya wanke mamaci da su. Na haddace addu'ar tun ina yaro, ban taɓa kawowa a raina wata rana zan taka abin da ƙafata ba.

Karatu ne ya kai ni. Ni ɗan zamanin gubar dalma ne. A 2010, lokacin da niƙan dutsen zinari a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Sunke na cikin garuruwan da aka kankare ƙasar tsakar gidajensu aka zuba sabuwa. Tun daga nan hankalina ya koma kan ƙasa da ruwa, da yadda ruwa ke kwasar abin da ya tarar a ƙasa. Wannan sha'awa ta bi da ni ta Sakkwato, daga bisani ta sauke ni a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a tsakiyar Kanada. Birni ne mai mutum kusan 750,000 a ƙidayar 2021, wanda su kansu 'yan Kanada ke jinjina wa sanyinsa.

Ganin farko

A watan Nuwamba dusar ƙanƙara ta fara sauka da gaske. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne shirunta. Mu mun saba ruwa ya yi sallama kafin ya shigo: iska, ƙura, walƙiya, tsawa, mata na rige-rigen kwashe shanya. Wannan babu ko ɗaya. Na ɗaga labule bayan sallar asuba sai na tarar titi da motoci da rufin gidaje duk sun koma fari fat, abin kuma yana ci gaba da saukowa, yana lilo a iska, ba gaggawa. Da na fita na ji gari ya yi tsit. Har ƙarar motoci ta ragu, domin sabuwar dusa cike take da ƙananan kafofin iska masu shanye sauti.

Ina tsaye a tashar bas sai ƙwaya ɗaya ta sauka a hannun baƙar rigar sanyina. Na ɗago ta kusa da ido, na riƙe numfashi don kada hucin bakina ya narkar da ita. 'Yar mitsitsiya ce, amma rassanta shida cif, kowane reshe da nasa 'yan rassan, na dama daidai da na hagu. Wata ta sauka kusa da ita, ita ma rassa shida, sai dai zanenta daban. Ban san lokacin da na ce Subhanallahi a fili ba. Wata tsohuwa da ke jiran bas ta dube ni ta yi murmushi, ta tambaye ni ko wannan ne sanyina na farko. Na ce mata shi ne. Ta ce in more kallo, amma in nemi takalmi mai kaurin ƙasa kafin Janairu.

Yadda take samuwa

Ƙanƙararmu ta hadari da dusar ƙanƙara duk ruwa ne, amma ba hanya ɗaya suka biyo ba. Ta hadari a cikin dogon gajimare mai tsawa take samuwa. Iska mai ƙarfi kan cilla ɗigon ruwa can sama inda ake tsananin sanyi, ya daskare, wani ruwan ya manne masa shi ma ya daskare, har ya yi nauyin da iska ba ta iya riƙe shi, sai ya faɗo a dunƙule. Shi ya sa take da tauri, kuma take iya zuwa ana tsakiyar zafi.

Dusar kuwa daga tururi take. Tururin ruwan da ke cikin gajimare kan sami 'yar ƙura ya daskare a jikinta kai tsaye, ba tare da ya fara zama ɗigo ba. Allah ya tsara ruwa idan zai daskare ƙwayoyinsa su jeru a siffa mai kusurwa shida, daga nan rassan shida suka samo asali. Yadda rassan za su tsiro kuma ya dogara ga sanyi da laimar da ƙwayar ta ratsa a hanyarta ta saukowa. Tun da kowace da hanyar da ta bi, da wuya a sami biyu masu zane ɗaya.

Ba baƙi kaɗai abin ke burgewa ba. A 1611 masanin taurari Bajamushe, Johannes Kepler, ya rubuta ɗan littafi sukutum yana neman dalilin kusurwa shidan. Wani manomi mai suna Wilson Bentley a ƙauyen Jericho na jihar Vermont a Amurka ya haɗa kyamara da madubin ƙara girman abu, ya ɗauki hoton ƙwayar dusa a 1885, ya kuma ci gaba har ya tara hotuna sama da 5,000. A 1936 Ukichiro Nakaya na Jami'ar Hokkaido a Japan ya samar da ita a ɗakin gwaji, ya nuna irin zanen da kowane mataki na sanyi ke bayarwa.

To me ya hana ta sauka a Sunke? Duk kilomita ɗaya da ka hau sama, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5. A sararin samaniyarmu, wajen kilomita 5 daga ƙasa, ruwa daskarewa yake yi ko da a tsakiyar bazara. Kaso mai yawa na ruwan hadarin da ke zubo mana a Agusta a daskare yake farawa can sama, sai ya narke a hanya saboda ɗumin iskar da ke ƙasa. Wato tana samuwa a kanmu duk damina, isowa ce ba ta yi. Inda ƙasa ta yi tsawo sosai a Afirka kuwa tana isowa: ƙololuwar Kilimanjaro a Tanzaniya, duwatsun Atlas a Maroko, da tsaunukan Lesotho. Ta sauka a garin Ain Sefra da ke bakin Sahara a Aljeriya a 1979, ta sake sauka a 2016 da 2018. Ko a Saudiyya takan rufe duwatsun yankin Tabuk a wasu shekarun.

Zama a cikinta

Janairu ne ke bambanta mai kallo da mazauni. A Winnipeg ba abin mamaki ba ne a wayi gari da digiri 30 ƙasa da sifili, in kuma da iska, jiki ya ji kamar 40. A irin wannan rana fatar da ba a rufe ba na iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. Da ka shaƙi iska za ka ji gashin hanci ya sandare, hucin baki ya bar farin raɓa a gemu da gira. Dusar da ka taka a Nuwamba ba ta motsi, yanzu ƙara take yi a ƙarƙashin takalmi, ƙiiƙ, ƙiiƙ, domin sanyi ya hana ta narkewa ko kaɗan, sai dai ƙwayoyin su karye.

Gari gaba ɗaya an gina shi da sanin wannan. Kusan kowace mota na da 'yar wayar lantarki da ta leƙo ta gaba, ana jona ta da dare don injin ya kwana da ɗumi, in ba haka ba ba zai tashi da safe ba. Katafiloli kan fito cikin dare su ture dusar gefe, a sanar da unguwa-unguwa cewa kowa ya ɗauke motarsa daga titi. Ana watsa gishiri domin yana sa ƙanƙara narkewa, amma idan sanyi ya tsananta gishiri ba ya aiki sosai, sai a koma ga yashi don taya ta sami abin kamawa. Tifofi kan kwashe dusar zuwa bayan gari su tara ta tsauni guda, wanda kan kai tsakiyar shekara bai gama narkewa ba. Bututun ruwa ana binne su fiye da mita 2 a ƙasa. Duk da haka, a sanyin 2013 zuwa 2014 ƙasa ta daskare har ta cim musu, gidaje fiye da 2,000 suka rasa ruwan famfo.

Ibada ma takan ɗauki wani fasali. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kuma wajen 4:30 na yamma an kira magariba, azahar da la'asar suna bin juna kurkusa. Babin shafa a kan huffi da muka karanta a littattafan fiƙihu muka wuce, a can ne na ga amfaninsa kullum. Ranar Juma'a a babban masallacin titin Waverley, ƙofa cike take da manyan takalma suna ɗigar ruwa. In aka yi rasuwa cikin sanyi, sai inji ya fasa ƙasa kafin a sami kabari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafiya a kan kogi. A tsakiyar birnin akwai wurin da ake kira The Forks, inda Kogin Assiniboine ya haɗu da Kogin Red. Da sanyi duka biyun kan daskare, a share hanya a kansu, mutane su yi ta sulu da takalman ƙarfe, mata na tura jarirai a keke. Ƙa'idar ƙungiyar Red Cross ita ce kada mutum ya hau sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 15. Na taɓa tsayawa kusa da wani mai kamun kifi a arewacin birnin. Ya huda rami da injin haƙa, ya kwashe ɓarɓashin da ludayi, ya zura ƙugiya. Na leƙa sai ga baƙin ruwa yana motsi a ƙarƙashin ƙafafunmu, kogin na nan yana tafiyarsa. Hikimar ita ce ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka ƙanƙara ke zama a sama ta rufe na ƙasa. Da nutsewa take yi, da koguna sun daskare tun daga gindi, kifi ya ƙare. A arewacin Manitoba ma, kan daskararrun tafkuna da fadamu ake shimfiɗa hanyoyin wucin gadi masu tsawon fiye da kilomita 2,000, manyan motoci su kai mai da abinci da kayan gini garuruwan da ba su da hanya sauran watannin shekara.

Tambayar Kawu

Na aika wa ƙanena da ke Anka hoton tsakar gidan da nake, dusa ta kai gwiwa. Ya nuna wa kawunmu, manomi da bai taɓa wuce Gusau ba. Washegari saƙon muryarsa ya iso: "Ɗana, na ga hoto. Ikon Allah ya fi gaban mamaki. To amma ruwan ga duka, in sun narke, ina za su?"

Ni kyau nake kallo, shi ruwa ya gani. Tambayarsa kuwa ita ce tambayar da gwamnatin Manitoba ke biyan injiniyoyi albashi su amsa kowace shekara.

Dusar ƙanƙara rumbu ce. Duk abin da sama ta zubo daga Nuwamba zuwa Maris ba ya gudu, ba ya nutsewa, yana nan a ajiye a kan ƙasa, sai a buɗe rumbun gaba ɗaya cikin 'yan makonni. A ƙiyasi, santimita 10 na sabuwar dusa na ba da santimita 1 na ruwa, kuma abin da ke sauka a Winnipeg a shekara ya haura mita ɗaya. In aka haɗa da ruwan sama, duka-duka birnin na samun kimanin milimita 520 a shekara. Yammacin Zamfara kuwa yakan sami sama da milimita 700 a yawancin shekaru. Mun fi su samun ruwa. Amma namu da ƙarfi yake zuwa, ya gudu gulbi, rana ta shanye saura.

Manomansu ma wata huɗu suke da shi kamar mu. A Mayu suke shuka alkama da kanola, su girbe a Agusta da Satumba, kafin sanyi ya dawo. Laimar da shuka ke tsirowa da ita, mai yawa daga narkakkiyar dusa take. Shi ya sa da yawansu ba sa share gona bayan girbi. Sukan bar kututturen alkama a tsaye don ya tare dusar da iska ke kwasa, ta taru a gonar. Masu shuka alkama tun kafin sanyi kuma dusar ce ke lulluɓe musu ita, ta kare saiwa daga daskarewa. Haka abin yake a wurare da dama na duniya. Kogunan Dajla da Furat da ke shayar da Iraƙi, dusar duwatsun Turkiyya ce ke cika su, Kogin Indus na Pakistan kuma daga dusa da ƙanƙarar tsaunukan Himalaya da maƙwabtansu yake samun ƙarfinsa.

Narkewa

Wajen ƙarshen Maris alamu ke farawa. Da tsakar rana sai ka ji ɗis, ɗis, daga bakin rufi, da dare ɗigon ya sake daskarewa ya yi tsini yana reto. Dusa takan fara janyewa daga gindin itatuwa, ta bar zobe, domin baƙin ɓawo ya fi ta ɗaukar zafin rana. Farin ya dushe ya koma toka-toka, tudun da ke bakin titi ya riƙa zama ƙasa kullum.

Ba ta tafiya da sauri, kuma da dalili. Sabuwar dusa na mayar da kashi 80 cikin 100 ko fiye na hasken rana sama. Sannan narkar da ƙanƙara na cin zafi mai yawa: zafin da zai narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara, shi ne zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Amma da zarar ƙasa ta fara leƙowa nan da can, baƙinta ya kama zafi, sai aikin ya yi sauri.

Wata safiya a Afrilu na fito na tarar ruwa ya taru a kwanar layinmu har ya kusa shiga gidajen ƙasa. Maƙwabcina, wani dattijo ɗan fansho, yana tsaye a tsakiyarsa da dogon takalmin roba, yana caka sandar ƙarfe yana lalube. Ya ce bakin magudanar na nan wajen, ya san wurin tun shekaru. Na ɗauko shebur na kama masa. Muka yi ta sara har ƙarfen ya daki ƙarfe, muka ɓamɓare ƙanƙarar da ta toshe ragar. Ruwan ya yi wani juyi, ya fara zurarawa da gurnani, kafin mu gama gaisawa kwalta ta bayyana. Ba wanda ya aiko shi, ba kuma wanda zai biya shi. Ya ce duk shekara haka yake yi, don in bai yi ba ɗakinsa na ƙasa ne zai sha.

A kwanakin ne na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa karo na farko tun Oktoba, sai da ƙwalla ta cika mini ido. A Sunke shamuwa ce ke kawo albishir ɗin damina, a can kuwa dinyar Kanada ce ke dawowa daga kudu garke-garke, tana kuka a sama, mutane na ɗaga kai suna nuna wa 'ya'yansu. Digiri 5 kacal, amma sai ka ga matasa da gajeren wando. A kan kogi ƙanƙara takan yi duhu, ta tsattsage, ta rabu manyan faifai suna tafiya suna gugar juna, jama'a su jeru a kan gada suna kallo.

Narkewa kuma tana tona asiri. Duk abin da aka yar tun Nuwamba sai ya fito: leda, gwangwani, safar hannu ƙwaya ɗaya, da tarin yashin da aka watsa. Tituna su cika da ramuka, saboda ruwan da ya shiga tsagar kwalta ya daskare ya kumbura ya fasa ta. A gonaki kuma ruwan kan kwashi ragowar taki ya kai kogi, kogi ya kai Tafkin Winnipeg, inda sinadarin fosfaros ke haifar da gansakuka mai ɓata ruwa. Ɗan Sunke ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Mun riga mun biya kuɗin karatun da rayukan ƙannenmu.

Ranar da rumbu ya fashe

Kogin Red daga Amurka yake tasowa, ya yi arewa ya shiga Kanada. Kudu ke fara ɗumi, saboda haka ruwan da ya narke a jihohin Dakota da Minnesota kan taho ya tarar da arewa a daskare. Faifan ƙanƙara su cushe a kwana ko a gindin gada, ruwa ya rasa hanya. Ƙasar kuma shimfiɗe take ba tudu, domin gindin wani tsohon tafki ce, saboda haka in kogi ya fita daga bakinsa ba abin da ke tare shi.

A 1950 ya shiga Winnipeg, aka kwashe mutum kusan 100,000 daga gidajensu. Bayan wannan ne Duff Roblin, wanda ya zama firimiyan lardin, ya dage a haƙa babbar hanyar ruwa da za ta kewaye birnin ta gabas. An yi masa ba'a, an ce ɓarnar kuɗi ce. Aka fara a 1962, aka gama a 1968, tsawonta kilomita 47. A 1997 aka ga amfaninta. An tara dusa mai yawa a shekarar, sai ga wata guguwar dusa a farkon Afrilu ta ƙara a kai. Ruwa ya cinye birnin Grand Forks na Amurka, gobara ta tashi a tsakiyarsa alhali tituna na cike da ruwa. A kudancin Manitoba aka kwashe mutum kusan 28,000, ƙauyen Ste. Agathe ya nutse. Winnipeg ta tsira da kyar, domin an karkatar da ruwa mai yawa ta wannan hanya. Bayan haka ma ba su zauna ba, suka sake faɗaɗa ta daga 2005.

Amma ba ramin kaɗai ke tsare su ba, lissafi ne. Tun Fabrairu ma'aikatan lardin ke fitar da hasashen ambaliya. Suna duba yadda ƙasa ta jiƙe kafin ta daskare, da zurfin daskarewar, da yawan ruwan da ke cikin dusar da ta taru, da saurin da ake sa ran za ta narke. Ana tura injinan Amphibex su farfasa ƙanƙarar kogi a arewacin garin Selkirk tun kafin ruwan kudu ya iso. Garuruwa irin su Morris an kewaye su da ganuwar ƙasa, in ruwa ya matso a toshe ƙofofin. Kowa ya san wata nawa ya rage, ya kuma san aikinsa.

Namu ruwan

A Agustan 2024 ruwa ya shiga Gummi, ya rusa dubban gidaje, ya tafi da abinci da dabbobi. Ina kallon hotunan a waya daga nesa, abin da ke cina shi ne namu ruwan ma ba ɓoye lokacinsa yake yi ba. Kowane yaro ya san Agusta da Satumba ne gulbi ke cika. Gulbin Zamfara ta ƙasar Anka yake bi, ya ratsa Bukkuyum, kafin ya kai Gummi, wato ruwan da zai kwana a Gummi an riga an gan shi a gabas. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma na fitar da na ambaliya. Abin da ya rage shi ne labarin ya sauko daga takarda, ya zo da Hausa, ya isa kunnen mai unguwa da limami da sarkin ruwa.

Na san halin da muke ciki. Rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, ya cika garuruwa da 'yan gudun hijira, da yawa kuma ba su sami wurin kafa bukka ba sai a kan hanyar ruwa. Ba mu da kuɗin haƙa rami mai kilomita 47. Amma akwai abin da ba ya cin kuɗi haka. Sandar awo a gindin kowace gada, da mutum ɗaya mai waya da zai riƙa faɗa wa na yamma da shi inda ruwa ya kai. Yashe magudanai da kwalbatoci da aikin gayya kafin ruwan farko. Hakimai da ƙananan hukumomi su daina yanka fili a inda dattawa suka san ruwa na bi, su nema wa waɗanda ke can wani wuri.

Sai kuma ajiya, wadda ita ce babban darasin. Su sanyi ke riƙe musu ruwa kyauta, mu sai mun riƙe da hannunmu. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 ta nuna ana iya babban aiki a Zamfara, amma ƙauye irin namu ƙananan ayyuka ne za su fi yi masa rana: zurfafa tafki da rani, ƙaramar madatsar ƙasa a kan rafi, jera duwatsu a gangaren gona, da ramukan rabin wata da 'yan'uwanmu na Tawa da Maraɗi suka farfaɗo da matattun gonaki da su. Duk ruwan da aka tsayar a gonar Sunke ya nutse, rijiya ce ta samu a watan Maris, kuma ruwa ne da aka rage wa mutanen Gummi a watan Agusta. Lokacin wannan aiki shi ne Afrilu da Mayu, sa'ad da gulbi ke bushe, hannun manomi kuma bai shiga gona ba. In aka bari sai hadari ya haɗo, an makara.